Kumfar Talle

Talle ya daɗe yana wanki a gidan wani Bafaranshe a Tawa. A can matar gidan ta koya masa haɗa wani ruwan sabulu da ke fitar da kumfa guda, ƙatuwa kamar tulu, tana yawo a sama. Da aka samu 'yancin kai Turawan suka tafi, shi ma ya koma garinsu Affala.

Ranar sunan ɗiyar ƙanensa ya ce sai ya nuna wa mutane abin mamaki. Ya kankare sabulu a ƙwarya, ya tace yauƙin kuɓewa, ya jiƙa ƙaro kaɗan ya zuba. Amma ruwan rijiyar gari ya cika kanwa, kumfar ta ƙi tashi. Sai ya ɗauki guga ya nufi tsohuwar rijiyar bayan gari, wadda aka daina sha tun tuni.

Da ya dawo, innarsa Lalla ta tare shi a ƙofa.

"Talle, ina ka ɗebo ruwan ga?"

"Ai ba sha za a yi ba, Inna, wasa ne."

Tsohuwar ta dube shi, ta kauce masa ya wuce.

Bayan la'asar aka taru a tsakar gida. Talle ya tsoma zoben da ya lanƙwasa da kaba, ya ja shi a hankali cikin iska. Kumfa ta fito, ta yi ta kumbura har ta kai tsawon mutum. Mata suka rangaɗa guɗa.

Kumfar ta tsaya cik a gabansa. A jikinta ya ga gidan kamar a madubi, ga rumbu, ga jama'a, ga shi da zobensa. Bayansa kuma wata mata ce tsaye, zanenta sharkaf, igiyar guga naɗe a hannunta. Ya waiga. Ba kowa, sai dai ƙasar wurin ta jiƙe.

Guɗa ta mutu. Kumfar ta juya ta tunkari iska, ta gogi ƙayar shinge ba ta fashe ba. Mutane suka bi ta har bakin tsohuwar rijiya. Nan ta sauka ciki a hankali. Can ƙasa aka ji kamar wani ya ja dogon numfashi.

"Kadidiya ce, ƙanwata," in ji Lalla. "Ta faɗa nan tun ba a haife ka ba. Ba a samu gawarta ba."

Talle ya ce, "Ke ma kin gan ta, Inna?"

"Ni take kallo, ba kai ba."

Da safe maza suka rufe rijiyar da itace da duwatsu, liman ya yi addu'a. Lalla ba ta kai damina ba. Talle kuwa ya koma Tawa ya kama sayar da goro a kasuwa. Har ya tsufa, ba ya zama sai ya jingina bayansa da bango.