Yatsa Ɗaya Sama da Layi

Karo na tara ke nan Mai Madara tana buga kik, babur ɗin mai ƙafa huɗu ya yi tari ɗaya ya mutu. Gumi ya jiƙa mata baya duk da sanyin ruwan da aka kwana ana yi. Waya ta sake ruri a aljihunta. Direban motar asibiti ne, ya ce ya iso bakin kwalta, amma ba zai jefa mota cikin wannan taɓon ba, sai dai a fito masa da marar lafiyan. Daga gidajensu zuwa kwalta kilomita biyar ne, kuma in an yi ruwa babu abin hawan da ke ratsa hanyar sai wannan babur da take kai madara da shi kowace safiya.

Marar lafiyan maƙwabcinta ne, tsohon makaniken da kowa ke kira Likitan Inji. Yana kwance kan katifa a cikin 'yar tirelar da ke ɗaure bayan babur, inda aka sauke jarkokin madara, matarsa Iya ta tallafe kansa a cinya. Tun hantsi ƙirji ya riƙe shi, leɓunansa sun yi fari fat.

"Bar bugawa haka, 'yar nan," ya ce da ƙyar. "Ƙara shaƙe shi kike yi. Kwanto fulogi in gani."

Ta ruga rumfarsa ta ciro sifanar fulogi daga ƙusar da take rataye. Sau biyu sifanar tana suɓuce mata. Da ta zaro fulogin ta kai masa kusa da ido, sai ga shi baƙi ƙirin, a jiƙe, mai na naso a bakinsa. Tsohon nan yana karanta fulogi kamar yadda likita ke duba harshe. Ya dube shi, ya dube ta.

Nan take ta san laifin waye. Irin wannan injin ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, a cikin fetur ake gauraya masa nasa man. Shekara biyu da suka wuce tsohon ya ba ta wata 'yar kwalba da ya karce wa layi da ƙusa: mai zuwa layin, fetur jarka mai lita biyar, ba ƙari ba ragi. To amma ita da idonta ta ga injin marigayi mijinta ya ƙone a tsakiyar hanya don ƙarancin mai. Tun daga ranar, duk haɗin da za ta yi sai ta ɗara layin da yatsa ɗaya. A ganinta mai a inji kamar mai a miya ne, ba a taɓa jin wanda ya yi ƙarar yawansa ba.

"Baba, ni ce. Ƙarawa nake yi."

"Na sani. Hayaƙinki ne ke tashina kullum, shuɗi kamar ana ƙona taya." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Duk ƙarshen mako in kin ajiye shi a rumfata, sai in kwance in goge. Mako uku ke nan ban iya sunkuyawa."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na faɗa sau biyu. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Sai na ga goge fulogi ya fi sauƙi."

"Malam, don Allah ka bar maganar nan ka adana numfashinka," in ji Iya, muryarta na karyewa.

"Gwangwanin fulogi, ƙarƙashin benci," ya ce, kamar bai ji ta ba.

Mai Madara ta juye gwangwanin a gefen katifa. Fulogai sun fi ashirin, kuma duk kamarsu ɗaya a idonta. Ta wawuri wani sabo fil a kwalinsa ta juya za ta tafi, ya riƙo mata gefen riga. Ya karɓa ya bi zaren jikinsa da babban yatsa, idonsa a rufe.

"Wannan dogo ne. Kika ɗaura shi, fistin da ke kai-komo cikin inji ya doke shi, mun gama tafiya. Nemo gajere, mai lamba takwas a jikin farin tangaransa."

Ta tona, ta tona, har ta same shi naɗe cikin wani tsumma, tsoho amma a bushe. Ya zura farcensa a tsagar bakin, ya gyaɗa kai. Ta miƙe da sauri.

"Sai kin zubar da man tankin."

"Baba, babu lokaci."

"Sauri ya haifi nawa. Kika bar wannan haɗin, shi ma zai shaƙe kafin mu kai gada, inda babu mai jin kiranmu."

Ta ji kamar ta kurma ihu, amma ta cire tiyo ta tara roba. Man ya riƙa zuba siriri, ba ruwansa da gaggawar kowa. Waya ta yi ruri, ba ta ɗauka ba. Tana jin numfashinsa daga inda take durƙushe, yana fita da wani ƙara, tsakaninsa na ƙara nisa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ga kunya a kansa.

Ta ɗauko jarkar fetur ɗin da tsohon ya saya shekaranjiya, ta ɗaga kwalbar ta fara tsiyaya mai. Da man ya taɓa layin, hannunta ya so ya ci gaba da kansa, don ya saba. Ta ciji leɓe ta tsayar da shi. Tsohon na kallonta da ido ɗaya. Ta juye, ta rufe, ta girgiza jarkar sosai, ta cika tanki, ta buga kik a banza ta fitar da ragowar man, sannan ta ɗaura fulogin. A bugu na uku injin ya ɗauka.

Suka faɗa taɓo, tayoyi na watsa laka, tirela na tangaɗi. Kusa da gada Iya ta ɗaga murya: "Wai ki saurara, ya ce injin ya daina tari."

Gaskiya ne, injin na tafiya sumul. Bayan gada Iya ta daina yi masa magana. Mai Madara ta lura da shirun, amma ba ta waiwaya ba, sai ta ƙara danna totur, hawaye na hana ta ganin ramuka.

A bakin kwalta ma'aikaciyar jinya ta taɓa wuyansa, ta daɗe, sannan ta ja mayafin Iya ta rufe masa fuska. Rai ya yi halinsa. Ta ce ko da sun iso da wuri, da wuya a yi wani abu. Mai Madara ta ji, amma minti ashirin ɗin nan da suka ɓata a tsakar gida ba su bar zuciyarta ba, kuma ta san ba za su bari ba.

Ranar ƙarshen mako ta tura babur ɗin cikin rumfarsa kamar kullum. Ta ciro sifana daga ƙusa, ta kwance fulogin da kanta. Bakinsa a bushe yake, launin shayi da madara, irin wanda ya sha gaya mata lafiyayyen inji ke bayarwa. Kafin ta ankara ta ɗaga shi sama ta juya wajen kujerarsa. Tsumman goge hannunsa na nan rataye a jikinta, a waje kuma Iya na shara a hankali.