Kamu Biyu a Cikin Mai Sanyi

Gismalla ya hau kuka ranar Talata, ya faɗo. Ni na ɗauke shi. Maƙwabcina ne shekara arba'in, kuma ba mu taɓa wuni ba mu yi musu ba.

Kukarsa ce, sunanta Mai Sanyi. Kakansa ya rarake cikinta, yadda kowa ke yi a nan Dar Hamar. Da damina a cika ta da ruwa da guga, a liƙe baki da laka, da rani a sha. Tawa ta tsage bara, ta zubar da ruwanta. Tun daga nan gidana ke sha daga tasa. Ban roƙa ba. Shi ya aiko.

Awon ruwan ya hau yi da igiya. Da na iso, igiyar na hannunsa.

"Kamu biyu ta jiƙe," ya ce.

"Ƙugunka ya karye, kana zancen igiya."

"Kai dai jaki ne, Dawalbait. Kamu biyu, gida biyu. Kwana ashirin, in an yi hankali."

Gaskiyarsa ce. Kankana da muke kashe ƙishi da ita ta ƙare a gonaki. Injin rijiya tafiyar kwana biyu ne a raƙumi, kuma ya lalace.

Kwana uku ya yi a gadon igiya, ya hana kowa sakat. A fitar da shi inuwa. A mayar da shi ɗaki. A juya masa gado ya fuskanci kudu, inda hadari ke tasowa. Matarsa Bakhita ta kawo ruwa a ƙoƙo, ya tsoma yatsa ya shafa a leɓe, ya ture sauran.

"Leƙa min kudu."

"Na leƙa. Fayau take."

"Idonka ya mutu tun kana saurayi. A kira mai ido."

"Mai idon ne ya rasa reshe ya taka iska."

Ya yi dariya, ta koma masa tari.

Ɗansa Mardi ya iso daga Nuhud ranar Alhamis a bayan motar ƙaro. Juma'a da hantsi Gismalla ya cika.

Ni ke wankan gawa a garinmu. Na naɗe hannun riga, sai liman ya ja ni gefe, ya ce inda ake tsoron ƙishirwa, shari'a ta yarda a yi wa mamaci taimama. Mardi ya ji.

"Taimama? Mutumin da ya cika kuka shekara hamsin da hannunsa, a shafa masa ƙasa a tura shi rami? Baffa, kai ma ka yarda?" Ya kalle ni sama da ƙasa. "Ko da yake, maƙogwaron gidanku ne a ciki."

Ba a taɓa faɗa min irin wannan ba. Jikokina shida ne, na san su ɗaya bayan ɗaya, amma na ce, "Tulu uku zai ci. A cire daga rabon gidana. Ni zan hau."

Na fita, Mardi na biye da ni. Rana ta take. Ƙarƙashin Mai Sanyi muka tarar da Bakhita zaune a kan saiwa, gugan fata a cinyarta, igiyar naɗe a hannunta. Jemagu na motsi a rassa. Ba ta kuka.

"Inna, ba mu guga."

"Kwana uku yana lasar yatsa," ta ce. "Ka gani da idonka jiya."

"Za a yi da mu a gari, Inna!"

"A yi."

Na ce, "Bakhita, rabona ne. Na bayar."

Ta ɗago ta dube ni. "Rabonka? Kai za ka sha shi, tsoho? Na yaran nan ne, kuma ba kai ka ba su ba."

Mardi ya durƙusa, ya kama bakin gugan. Ta ɗora tafin hannu a kai.

"Ku je ku shafa masa ƙasa," ta ce. "Ba zan bayar ba."