Ranar da Mai Aski Ya Ɗauki Ɓangare

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar Mai Aski ya san ba a tashi daga kanta da ɓacin rai. Hannunsa ba shi da nauyi, wannan gaskiya ne, amma babban sirrin shi ne mutumin bai iya musu ba. In direba ya zauna ya ce masu tafiya a ƙasa su ne matsalar titi, sai Mai Aski ya ce, "Haka ne, wallahi." In direban ya tashi wani ya zauna ya ce direbobi duk ba su da hankali, sai ya girgiza kai ya ce, "Ai ka gama magana." Shi ya sa 'yan layin suka laƙaba masa Haka-ne, kuma ranar da labarin sunan ya zo kunnensa, cewa ya yi lallai ya dace da shi.

Shi a ganinsa hikimar sana'a ce. Mutumin da ya miƙa maka wuyansa kana riƙe da aska, ina amfanin ka sa shi tayar da jijiyar wuya?

Da furfura ta fara leƙowa, sai ya shiga ajin manya da ake yi ranar Asabar da yamma a makarantar yaran unguwa, inda kujerun suka yi masa kaɗan har gwiwarsa tana neman taɓa haɓarsa. Karatu ya zauna, lissafi ya zauna. Insha'in muhawara ne ya tsaya masa a wuya. Karon farko Malama ta ce su rubuta wanda ya fi tsakanin kiwon kaji da kiwon awaki. Mai Aski ya yabi kaza har ta ji kunya, ya juya ya wanke akuya tas, sannan ya rufe da cewa kowa da gaskiyarsa, Allah ya daidaita tsakaninsu. Malama ta dawo masa da takardar, ta rubuta da jan biro a ƙasa: "Wannan sulhu ne, ba muhawara ba."

A gida kuma akwai wata muhawarar da ya daɗe yana zille mata. Babban ɗansa, wanda ake kira Dogo, ya tashi a shagon, ya iya aski har wasu samarin sun fi son hannunsa. To amma hankalin Dogo yana kan firiji. Wani mai gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, a wani gari mai nisa, ya yarda zai ɗauke shi koyon aiki, sai dai ya ce a ba shi amsa kafin ƙarshen wata, don akwai masu jira. Dogo ya kawo maganar cikin ladabi. Uban ya ce haka ne, abu ne mai kyau, za a duba. Tun daga nan ake dubawa. A cikin ransa ba ya son yaron ya tafi ko nan da ƙofa, amma bakinsa bai saba da kalmar a'a ba, bai san ma ta inda ake fara furta ta ba.

Ana cikin haka, wata Asabar Malama ta rubuta sabon batu a allo: "Ya kamata ɗa ya gaji sana'ar ubansa." Ta ce kowa ya goyi baya ko ya soka.

"Na goyi baya!" in ji Mai Aski, tun kafin ta ajiye alli.

Ajin ya bushe da dariya. Wata mai sayar da atamfa da ke zama a bayansa ta ce yau sai an yi ruwa da ƙanƙara.

"Madalla," in ji Malama. "To ka saurara. A sakin layi na farko ka faɗi matsayinka, ba kwana-kwana. Sannan ka jero hujjojinka. Sannan ka kawo hujjar wanda bai yarda da kai ba, ka kayar da ita. Kuma mafi ƙarfinta nake so. Kada ka ɗauko mini ɗan yaye ka buga da ƙasa ka ce ka ci kokawa."

Mai Aski ya koma gida yana murmushi shi kaɗai, don dabara ta faɗo masa. Zai rubuta insha'in da ba a taɓa gani ba, Malama ta sa masa maki mai tsoka da jan bironta, shi kuma ya manta da takardar a kan teburin shago, daidai inda Dogo ke ajiye almakashi. Yaro ya karanta, ya ga har Malama ta sa hannu, shi ke nan. An ce a'a ba tare da kowa ya buɗe baki ba.

Rubutun farko ya cika shi da karin magana, ya kai wa matarsa tana kan keken ɗinki. Ita kuwa Maman Dogo irin matan nan ne da ko gaisuwa ka yi musu sai sun duba ko akwai gyara.

"Kyan ɗa ya gaji ubansa," ya karanto mata, yana ɗaga yatsa.

"Zamani riga ne," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

"Tafiya mabuɗin ilimi."

"Haba Maman Dogo, ki bari in kai aya mana!"

"Baban Dogo, in karin magana ce hujja, ni da kai sai mu kai baɗi muna yi. Mutanen da sun bar wa kowa tasa. Kawo abin da ka gani da idonka."

Ya ce haka ne, ya koma ya sake. Wannan karon abin ya yi ma'ana. Ya rubuta cewa ɗan da ya gaji ubansa ba ya fara gini daga tushe: ga shago, ga kayan aiki, ga mutanen da suka saba da wurin. Ya rubuta cewa malamin da ya haife ka ba ya ɓoye maka sirrin sana'a. Ya rubuta cewa ana iya ƙera firijin da ba ya lalacewa, amma har yau ba a haifi mutumin da gashinsa ya daina tsirowa ba. Wannan jimlar ta burge shi ƙwarai, har ya karanta wa madubi ita.

Saura hujjar abokin hamayya. Nan fa ake yin ta. Ya tambayi masu zuwa aski, amma da yake ya shekara yana ba su gaskiya, su ma sai suka rama masa alheri, kowa ya ce ai shi ke da gaskiya. Ya koma wa matarsa.

"Abokin hamayyarka yana shago yana share gashi," ta ce. "Ka bar shi kana yawon tambayar mutanen gari."

Mai Aski bai iya zaunar da mutum ya ce zo mu yi magana ba. Hanya ɗaya ya sani ta sa mutum ya buɗe cikinsa. Don haka wata rana da tsakar rana, shago ba kowa sai fanka tana juyi, ya kalli kan Dogo ya ce gashin nan ya yi yawa. Ya zaunar da shi, ya yafa masa ƙyalle, ya ɗaure a wuya, ya kunna injin aski.

"Dogo, aikin makaranta aka ba mu. Wai ya kamata ɗa ya gaji sana'ar ubansa. Me ka gani?"

"Haka ne, Baba."

"A'a, ina nufin, ai akwai masu cewa bai kamata ba."

"Su ma haka ne, Baba."

Mai Aski ya kashe injin. Haushi da kunya suka kama shi. Ashe haka abin yake da ciwo in kai aka yi wa? Lallai wanzami ba ya son jarfa. Ya kalli yaron a madubi, yaron ya sunkuyar da kai, irin sunkuyawar da shi kansa yake yi wa mutane tun yana saurayi.

"Kai, ba ra'ayinka na tambaya ba," ya ce. "Malama ce take son hujja. Ka ɗauka akwai wani yaro can, ba kai ba, wanda ba ya son sana'ar ubansa. Me zai ce? Kuma ka ba ni mai ƙarfi, in ba haka ba faɗuwa zan yi."

Uban ya sake kunna injin. Sai da ƙarar ta rufe shagon sannan Dogo ya fara magana, a hankali, idonsa a kan ƙyallen.

"Zai ce ya iya aikin, ba raina shi ya yi ba. Da shi aka ciyar da shi. Amma in ya tashi da safe ƙafarsa ba ta ɗokin zuwa. Zai ce in ya ji kukan firiji yakan san abin da ke damunsa tun ba a buɗe ba, kamar yadda babansa yake sanin askin da zai dace da mutum tun daga bakin ƙofa. Zai ce in an hana shi, zai zauna. Ba zai yi musu ba, ba zai ɓata fuska ba, zai yi ta yi har ya tsufa. Sai dai babansa ba zai taɓa sani ba, don so ya zauna ko don kunya."

"Haka ne," in ji Mai Aski.

Bakinsa ne ya faɗa, kamar kullum. Amma wannan karon ya ji kalmar ta fito daga can ƙasa, kuma ta yi nauyi. Ya ƙarasa askin, har ya ɗan karkata layin gaban goshi, abin da bai taɓa yi ba.

Ya rubuta maganar Dogo yadda take, bai rage komai ba, don Malama ta ce mafi ƙarfi. Sannan ya buɗe sabon sakin layi ya rubuta "Amma". Ya tsaya. Washegari ya dawo ya tarar da "Amma" tana nan ita kaɗai. Ya gwada maganar gashi ba ya daina tsirowa, ya ga ba ta ko kai gwiwar hujjar yaron ba. Maman Dogo takan leƙo ta bayansa ta ce, "Har yanzu baƙuwar taka ba ta samu abokin hira ba?"

Hujja ɗaya ta rage masa, kuma ya san ba ta shiga takarda. Tsoro yake ji. Yana tsoron ya buɗe shago da safe ya ga kujera ta biyu ba kowa a bayanta. Yana tsoron ya juya zai ce miƙo mini buroshi, ya tarar da bango yake wa magana. Yana son yaron nan, so irin wanda bai taɓa faɗa ba, kuma son ne yake ƙoƙarin ɗaure shi da shi.

Ranar Asabar ya tsaya bayan kowa ya fita.

"Malama, in mutum ya ɗauko abokin kokawa, sai abokin ya ɗaga shi sama, yaya ake yi?"

Ta ɗauki takardar ta karanta, ta daɗe a kan sakin layin Dogo. Da ta ɗago ba ta yi dariya ba.

"Sai ka canza ɓangare. Ba laifi ba ne, in dai hujja ce ta juya ka. Amma ka juya gaba ɗaya, kada ka dawo mini da kaza da akuya. Tsofaffin hujjojinka su koma na abokin hamayya, ka kayar da su."

"Wato in kayar da kaina?"

"Kai ka fi kowa sanin inda ƙafarka ba ta da ƙarfi."

Haka kuwa aka yi. Ya sake rubutun daga farko. Ya buɗe da cewa bai yarda ba, a bar ɗa ya zaɓa. Ya kawo wani mai shago da ke cewa ga kayan aiki, ga jama'a, ga gashi ba ya ƙarewa, ya ba shi haƙƙinsa cikakke, sannan ya bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya ya kwantar da su. Bai taɓa yi wa kowa musu a rayuwarsa ba, da ya tashi farawa sai ya fara da kansa, kuma bai yi wa kansa da sauƙi ba. Malama ta ba shi makin da ya fi na kowa, mai atamfa ta ce a duba ko wani ne ya rubuta masa.

Bai manta da takardar a kan tebur ba. Da yamma, bayan mai zuwa aski na ƙarshe ya fita, ya miƙa wa Dogo ita hannu da hannu.

"Duba mini ko akwai kuskuren rubutu. Ka karanta da ƙarfi, idona ya gaji."

Dogo ya fara karantawa da muryar ɗan makaranta. Da ya wuce sakin layi na farko sai muryar ta ragu. Ya kai kammalawa, inda uban ya rubuta: "Uban da ya riƙe ɗansa a shago don kada ya zauna shi kaɗai, kansa ya taimaka, ba ɗan ba. Ni na san irin wannan uban, kuma na ce ya sake shi ya tafi."

Dogo ya tsaya da takardar a hannu, bai ɗago ba.

"Akwai kuskure?" in ji uban.

"Babu, Baba."

"To kira mutumin nan ka ce masa kana zuwa, tun bai ba wani ba. Amma kafin nan zo ka rage mini gashin nan, in ka tafi ban san hannun da zan faɗa ba."

Ya haye kujerar, Dogo ya yafa masa ƙyalle ya ɗaure a wuya. Mai Aski ya kalli madubi, ya ga yaron tsaye a bayansa, ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Sai ya zaro hannu daga ƙarƙashin ƙyallen yana murza ido.

"Kai Dogo, yi a hankali mana, gashi ya faɗa mini a ido."

"Baba," in ji Dogo, "ban kunna injin ba tukuna."