Ƙwan Zabin Adda

Mashkura ba ta jira adaidaitar ta gama tsayawa ba ta diro, jakar kwamfutarta rungume a ƙirji. Tun daga Dutse, inda take karatu, ake yayyafi, zuwa Kiyawa gefen hijabinta ya jiƙe sharkaf.

A ƙofar ɗakin kaji ta tarar da yayarta, Adda Zulaihatu, tana ta zuba wa Malam Zailani mai haɗa sola faɗa.

"Batirinka ne! Tun ranar da ka taɓa shi hankalina bai kwanta ba."

"Hajiya, na auna sau uku, wuta lafiya lau take," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Mashkura ta raɓa su ta shige. Injin ƙyanƙyasar na tsaye a kashe, ƙwan zabi ɗari shida jere a cikinsa. Rabi na Adda ne, saura na matan unguwa da suka yi ta tarawa tun faɗuwar damina. Yau kwana ashirin da shida, jibi ake sa ran fara ƙyanƙyasa. Ta kai bayan hannu jikin gilashin, ɗumin ya kusa gushewa.

"Adda, tun yaushe?"

"Da na idar da walaha na ga lambobin sun ƙame. Na kashe na kunna, sai ya koma kwana ɗaya, ya kama juya ƙwan. Ke kika ce kada a juya su yanzu. Shi ne na kashe gaba ɗaya."

Mashkura ta dubi injin. Kafinta ne ya ƙera akwatin, Malam Zailani ya ja wuta, amma shirin da ke sarrafa zafi da juyi ita ta rubuta shi da hutun da ya wuce, tana murnar ta fara cin moriyar karatunta na kwamfuta.

"A dafa ruwa, a cika robobi, a naɗe da zani a jera a ƙasan tire," ta ce. Adda ta fita da gudu.

Ta durƙusa a siminti, ta jona kwamfutar da ɗan allon injin. Ta bi layukan sau biyu ba ta ga komai ba. A na uku ta gani.

Duk awa, shirin yana ƙirƙirar sabon abu don adana awon zafi. Da kalmar *new* yake karɓar gurbi a memori, ma'ajiyar allon, ya riƙe adireshin gurbin a wani manuni da ake kira foyinta. Awa ta gaba sai foyintar ta koma nuna sabon gurbi, tsohon kuwa yana nan a kame, babu mai sanin inda yake balle a sake shi. Babu *delete* ko guda. Memorin allon ɗan mitsitsi ne, kwana ashirin da shida yana cika har ya toshe. Ita kuwa gwajin kwana biyu ta yi masa, ta ce ya yi.

A gaggauce ta cusa *delete*, ta gyara ƙidayar kwanakin, ta tura. Fanka ta tashi, fitilar zafi ta kama. Adda da ta shigo da robobi ta ce, "Alhamdu lillahi!"

Ba a yi minti ɗaya ba allon ya nuna digiri casa'in da ɗaya. Fitilar ta mutu.

"Casa'in? Sun dahu ke nan?" Adda ta dafe ƙirji.

"Ƙarya yake yi, Adda. Ki taɓa ki ji."

Ta gane abin da ta yi. Ta saki gurbin tun ɓangaren da ke kunna fitila bai karanta shi ba, foyintarsa na nuna wurin da wani abu ya riga ya maye. Shara yake karantowa a matsayin zafi. Hawaye suka rufe mata ido har layukan suka dagule. A tsakar gida ta jiyo muryoyin mata, labari ya kai musu. Wata dattijuwa, Iya Talatu, tana cewa nata guda arba'in ne, zabinta biyu kacal suka saka su.

Mashkura ta goge ido da hijabi. Ta yi bisimilla, ta daina sauri. Ta share *new* da *delete* ɗin duka, ta ware gurbi ɗaya tak tun tashin shirin, kowane awo a rubuta shi a kan na baya. Ta karanta a bayyane, layi-layi, sannan ta tura.

Talatin da ɗaya. Talatin da uku. Sai da aka kira azahar lambar ta tsaya a talatin da bakwai da rabi, ta zauna.

"Za su rayu?" Adda ta tambaya.

"Ban sani ba. Awa huɗu suka yi babu zafi."

Malam Zailani yana bakin ƙofa har yanzu, akwatin kayan aikinsa a hannu, matan na harararsa. Babu wanda ya fahimci abin da ta gyara. Da ta yi shiru, da maganar ta tsaya a kan batiri.

Ta miƙe, ƙafafunta sun yi tsami.

"Malam, ka yi haƙuri. Batirinka ƙalau yake." Ta juya ga matan. "Ni na yi kuskure a rubutuna. Tun ranar farko yake ciki."

Adda ta juyo ta dube ta.

"Gobe ba kina da jarrabawa ba?"

"Ina da."

Mashkura ta jawo kujera 'yar tsugune ta ajiye a gaban gilashin, ta cire jiƙaƙƙen hijabin ta rataye a ƙusa.

"Ara mini zani, Adda. Sai jibi zan koma."