Irin da Ke Kulle a Sito

Tun da ruwan shuka ya sauka malamin gona ya kasa zama wuri ɗaya. Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa taga, ya dawo. Shi da bakinsa ya bi manoman shiyyarsa gona-gona yana cewa kada kowa ya shuka tsohon iri bana, ofis zai raba sabon irin masara mai saurin nuna. Irin kuwa ya iso. Ga shi can a sito, buhu kan buhu, an datse ƙofa da kwaɗo.

"Don Allah, Baba, buɗe mini," ya ce wa mai sito. "Laima tana gudu."

"Ni a wa? Oga ya ce ko ƙwaya ba a taɓawa sai manya sun zo an ɗauki hoto."

"Yaushe za su zo?"

"Tambayi na sama da ni."

Ya je ya tambaya. Oga yana waya, ko ɗago kai bai yi ba, ya kore shi da hannu kamar ƙuda.

Haka ofishin nan yake. Abokan aikinsa sun daɗe da koyon zaman lafiya: wannan yana gyangyaɗi ƙarƙashin matacciyar fanka, waccan tana yanke farce. Wanda ya cika tambaya a taro, shiyyar da babur ba ya shiga ake tura shi. Shi kuwa son aikin ne ya hana shi sakat, abin har haushi yake ba shi.

Da ya ga ba sarki sai Allah, ya hau babur ya nufi shiyyarsa. Gara ya janye maganarsa, kowa ya shuka abin da yake da shi.

Ashe an riga shi. Gonaki duk an shuke, wasu har sun fara tsiro. Wani dattijo ya tare shi da dariya: "Malam, ba raina ka muka yi ba. Ofishinku ne muka sani tun kana goye."

Ya ji sanyi a ransa, kunya kuma ta rufe shi. Ya yi dariyar yaƙe, ya wuce.

Gona ɗaya ce ta rage, a bakin rafi, an share ta tas, an yi kunyoyin shuka, ba a saka komai ba. Ta wata tsohuwa ce mai riƙon jikokinta marayu. Tana jin ƙarar babur ta fito da sauri.

"Ɗana, ka zo! Na ce musu ba ka ƙarya."

Ya yi saurin cewa: "Inna, ina tsohon irinki? Ɗauko mu shuka yanzu."

"Wane iri? Ai da ka ce sabo yana tafe, na kai inji aka niƙa, yara suka ci."

Ta miƙo masa wankakkiyar ƙwarya da hannu biyu, tana leƙen bayan babur ɗinsa.