Jinin Buba

Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a Ƙafin Maiyaki, wato ina koya wa yara abin da ba mu da kayan gwada shi. Shekara da shekaru ina zana ƙwayar halitta a allo, zane mai kama da ƙosai, ban taɓa zaton darasin zai biyo ni gida ba.

'Yata Raihana sikila gare ta. Tun tana rarrafe, da sanyi ya taɓa ta sai ƙasusuwa su tashi, mu kwasa sai asibiti. Abin da ya ɗaure wa dangi kai shi ne Buba, yayan matata Salamatu. Shi ma gwaji ya nuna sikila ce cikakkiya, amma ya haura arba'in yana bin shanu a gindin duwatsun Doguwa, ko gadon asibiti bai taɓa hawa ba.

Surukata, Inna Kande, tana da bayaninta. Wai Buba madarar safe ce ta raine shi, da raɓa, da tafiyar ƙafa, ni kuwa na kulle yarinya a ɗakin kwano ina ɗura mata ƙwayoyi kamar kazar gidan gona.

Da na ji labarin wata Dakta Ramla a Kano mai bincike kan irin su Buba, na lallaba shi muka je da Raihana, aka ɗebi jininsu. Da sakamako ya fito na koma ni kaɗai. Na gaya mata ni malamin kimiyya ne. Ta dube ni da tausayi, ta yi mini bayani kamar yadda ake yi wa kowa.

Ta ce jariri yana zuwa duniya da wani irin jini wanda ba ya lanƙwashewa, amma bayan haihuwa jiki yakan daina yin sa. Ƙwayar gadon da ke yin wannan jini tana nan ba ta ɓata ba, rufe ta aka yi. A gaban kowace ƙwayar gado akwai ɗan yanki da ake ce wa furomota, nan ake buɗe ta, nan ake rufewa.

"Ka san ƙofar ruwa a kan magudanar noman rani?" in ji ta. "Gonar tana nan, ruwan yana nan, ƙofar ce ke yanke hukunci. Mun karanta wannan yanki na Buba harafi bayan harafi. Ɗaya ya sauya, daidai inda abin da ke rufewa yake kamawa. Tasa ƙofar ba ta taɓa rufuwa ba."

Na tambayi ta Raihana. Ta ce a rufe take ruf, kamar ta kowa. Maganin da Raihana take sha yana ɗan ɗaga ƙofar, don haka kada a fasa, kuma a kiyaye yarinyar daga sanyi da ruwan sama.

Na dawo da ilimina fal ciki, na tarar da Inna Kande a tsakar gidana, ta zo tafiya da jikarta ruga ta yi damina. A wurinsu kaka in ta nemi jika ba roƙo take yi ba. Kuma suruki ba ya zama gaban surukarsa, balle ya ja da ita. Na durƙusa daga bakin zaure na gaishe ta, idona a ƙasa. Ni da nake cika aji da surutu, duk abin da ya fito daga bakina shi ne ina gajiya.

Na bi ta hannun Salamatu. Ta shiga, ta jima, ta fito ido jajur. Wai Inna ta ce ita ta haifi Buba, ba likitar Kano ba. Na cusa maganin a ƙullin kayan Raihana, na ce a ba ta kullum. Aka ce to.

Damina ta yi nisa Buba ya kira ni. Ruwa ya daki Raihana a wurin tatsa, ƙirji ya kama, rafi kuma ya cika ya datse hanya, sai da ya janye suka samu babur. Na iske su a asibiti a Tudun Wada. Tafin hannunta fari fat, tana jan numfashi da ƙyar. Ta gan ni ta ce, "Baba, na iya tatsa."

Ma'aikacin jinya ya ce jini ake bukata da gaggawa, ana nema. Buba ya naɗe hannun riga ya miƙa damtse.

"Ku ɗebi nawa. Ai an ce nawa ne mai kyau."

Ni aka bar wa aikin gaya masa cewa jinin mai sikila ba a ƙara wa kowa shi, kuma abin da ya tsare shi ba ya bin leda ya shiga jikin wani. Na yi bayanin tsaf, ban yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya. Bai sauke hannun ba.

An samu jinin wajen la'asar, daga wani ɗan acaɓa. Kafin ledar ta kai rabi Raihana ta cika. Inna Kande tana zaune a ƙasa a bakin ƙofar ɗakin. Na durƙusa, idona a ƙasa, na yi mata gaisuwa.