Gwajin Zanen Inna

Inna Aina'u ta rasu da kaka, bayan an gama cire gyaɗa. Ta bar gona ɗaya, awaki huɗu da zanen saƙi. Gonar da awakin an raba su cikin yini guda, ba wanda ya ɗaga murya. Zanen ne ya ci wata biyar.

Zane ne irin na da, saƙar hannu, baƙi mai ɗigo-ɗigo kamar bayan zabuwa, tsawonsa kamu shida. Da shi aka kai ta ɗakin miji, kuma tun daga ranar bai ƙara fitowa daga akwati ba sai dai shan iska. Kwana biyu kafin ta cika, ta ce a gaban 'ya'yanta uku a ɗinka wa jikarta mai sunanta, ta sa ranar ƙaramar Sallah. Yarinyar shekararta bakwai, tana bakin ƙofa, ta kuma ji. Da ba ta ji ba, da an bar zanen a akwati wata shekara hamsin, kowa hankalinsa kwance. Amma ta ji, kuma kafin sadakar bakwai duk ƙawayenta a ƙauyen sun san abin da Aina'u ƙarama za ta sa ranar Idi.

Ba a rasa mai ɗinki ba. Hure, uwar yarinyar, ita ke yi wa rabin yaran ƙauyukan gabashin Makoda ɗinkin Sallah a kan keken ƙafa. Kallo ɗaya take yi wa yaro ta yanka masa wando. Sai dai ita suruka ce, zanen kuwa na 'ya'yan ciki ne: mijinta Malam Sama'ilu, yayarsa Bilkisu da ke aure a Bacirawa, da ƙaninsu Yahya mai cinikin gyaɗa.

Malam Sama'ilu ya yi shekara goma sha ɗaya yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar sakandare kafin ya dawo noma, kuma bai taɓa yarda ƙauyen ya manta da hakan ba. Ran uku ga azumi ya tarar da Hure ta shimfiɗa zanen a tabarma, almakashi a hannunta.

"Dakata," ya ce. "Irin wannan zane ba a sa masa almakashi da ka. Sai an yi gwaji."

"Gwajin me, Malam? Na auna yarinyar."

"Kin auna yarinya, ba ki auna ra'ayin dangi ba. A fara ɗinka ƙarami, a sa wa 'yar tsanar nan tata. Yaya Bilkisu da Yahya su gani, su amince, sannan a yi babban."

'Yar tsanar ta roba ce, tsawonta kusan kamu, idanunta shuɗi. Aina'u na kiranta Baturiya. Hure ta ce tana da ragowar ƙyallayen atamfa cike da buhu, sai ta yi gwajin da su.

"Faɗuwar saƙi daban, ta atamfa daban," in ji Malam Sama'ilu. "Abin da za a yi aiki da shi, da shi ake gwaji. Wannan ƙa'ida ce."

Hure ta yanki gefen zanen, ta ɗinka wa Baturiya riga da zani da ɗankwali, ɗinki mai sauƙi, daidai jiki. Aina'u ta ɗauke ta ta zaga gida-gida tana cewa nata ma haka zai zama.

Yahya ne ya fara zuwa, bayan la'asar, bakinsa a bushe. Ya juya 'yar tsanar gaba da baya kamar mai duba akuya a kasuwa.

"Matar Yaya, wannan ai ɗinkin shekara ɗaya ne. Ba ki bar wa girma wuri ba."

"Roba ce, Yahya. Ba ta girma."

"Yarinyar fa? Zanen da ya yi shekara hamsin, a ce baɗi ya matse ta? A yi shi yadda za ta sa har ta kai sha biyu. A kalmashe ƙasan, a riƙa saki duk shekara."

"Kai da aka yi wa irin wannan ɗinkin, yaushe wandonka ya taɓa yi maka daidai? Ina jin har aurenka kana naɗe ƙafa."

Yahya ya ce shi ba wasa ya kawo shi ba. Malam Sama'ilu ya ce shawara ce mai ma'ana, amma ba za a san kyanta ba sai an gani. Aka sake yankar zanen. Gwaji na biyu ya fito da Baturiya cikin rigar da ta sauka har ƙasan ƙafarta, hannuwan na lilo, babu alamar yatsu. Yahya ya duba ya ce yauwa, yanzu ta yi kama da 'yar mutunci.

Ran goma sha biyu ga wata Gwaggo Bilkisu ta sauka daga ƙaramar bas da jakar hannu da waya mai faɗin faranti. Ta zauna a ɗakin marigayiyar ta ɗan yi hawaye, sannan ta ce a kawo mata gwajin.

"Wane ne ya ba da umarnin wannan buhun?"

"Ƙaninki, Yaya," in ji Hure.

"Ai na sani. Shi komai a wurinsa gyaɗa ce, a zuba a ɗinke baki." Ta buɗe wayar ta nuna hoton wata yarinya a wajen biki, hannun rigarta a kumbure kamar tulu, siket ɗin ya baje ya cika hoton. "Wannan ake yayi. Zanen uwata ba zai fita kamar na 'yan ƙauye ba."

Hure ba ta tuna mata cewa a ƙauyen aka saƙa zanen, aka ɗaura shi, aka kuma haife ta ba. Ta dai ce siket mai bajewa yana cin yadi.

"To ci mana zai yi. Ajiye shi za mu yi wa wa?"

Gwaji na uku ya ci fiye da na farko da na biyu a haɗe. Baturiya ta fito kamar laimar da aka buɗe a cikin ɗaki. Gwaggo ta ɗauki hotonta ta aika wa matan unguwarsu, aka yi ta turo mata yabo. Yahya ya ce in aka sa wa 'yar yayansa wannan abu, shi ba zai je Idi ba. Gwaggo ta ce Idin zai ƙara albarka.

Malam Sama'ilu ba ya son a ce ya goyi bayan wani. Ya kwana biyu yana nazari, sannan ya fito da mafita: a yi gwaji na huɗu, hannun dama irin na Yahya, na hagu irin na Yaya Bilkisu, siket ɗin rabi da rabi, domin a kwatanta a wuri ɗaya. Hure ta ɗinka. Wannan karon Aina'u ba ta fita da Baturiya ba. Ta cusa ta a bayan randa, ta zo ta tsuguna kusa da keken.

"Umma, yaushe za a yi nawa?"

"Ana shawara."

"Kaltum ta ce wai Baturiya aka bar wa zanen, ba ni ba."

Kaltum 'yar maƙwabta ce, shekararta takwas, kuma a duk masu magana kan zanen ita ce ta fi kusa da gaskiya.

Saura kwana huɗu Sallah, Malam Sama'ilu ya dawo daga gyaran gona ya ce an yi waya, an samu ci gaba. Yahya ya yarda da hannun Yaya Bilkisu in an rage kumburin, ita kuma ta yarda da tsawon in an yi masa aiki a baki. Saura gwaji ɗaya, na tabbatarwa. Ya faɗa, ya tafi masallaci.

Hure ta shimfiɗa abin da ya rage ta auna da hannu. Kamu uku da taƙi ɗaya. Riga da zanin yarinya 'yar shekara bakwai, in an yi tattali, kamu uku da taƙi ɗaya ne, babu ɗankwali. Ta sake aunawa, ko zanen zai ji kunya ya ƙaru. Bai ƙaru ba. In aka yi gwaji na biyar, sai dai a tabbatar da ɗinkin da babu yadin yin sa.

Ta kira Aina'u, ta ce ta miƙa hannuwa. Ta yi bismillah ta sa almakashi. Kafin la'asar, ta gama, ta ninke kayan ta sa a tsakiyar ɗinkin mutane. Da Malam ya tambayi gwajin, ta ce aikin Sallah ya yi mata yawa, amma zai gani. Ba ƙarya ta yi ba.

Ya gani ranar Idi da safe, a tsakar gida: riga da zani na saƙi, daidai jiki, da farin mayafi. Ya dubi yarinyar da ke juyi tana kallon inuwarta. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "An karya ƙa'ida." Ya ɗauki dardumarsa.

Washegari da hantsi Gwaggo Bilkisu ta iso, aka zauna a rumfa. Aina'u na sanye da kayan, don tun jiya ta ƙi yarda a cire. A karo na farko cikin wata guda bakin 'yan'uwan uku ya zo ɗaya: an yi musu ba daidai ba. Yahya ya ce tunda an riga an yanka, abin da ya rage shi ne a ceci abin da za a iya ceta. Wasiyya ta ce ranar Sallah, ranar Sallah kuma ta wuce. Gwaggo ta ce a cire kayan yanzu, tun ba su yi datti ba, a mayar akwati. Ita za ta tafi da akwatin Bacirawa, inda babu gara, a ajiye wa jikoki su gani. Malam Sama'ilu ya ce wannan shawara ce mai ma'ana.

Aina'u ta riƙe gefen zaninta da hannu biyu, ta dubi uwarta.

"Gaskiya ne, Yaya," in ji Hure. "Bari dai ta miƙa wa gidan su Kaltum miyarsu, ta dawo sai a cire."

Ta shiga madafi, ta ɗauki kwanon da ba shi da murfi, ta cika shi da miyar Sallah har baki, mai na yawo a sama. Ta ɗora wa yarinyar a hannu.

"Yi sauri, Gwaggonki na jira. Da gudu."

Gidan su Kaltum ba nisa, amma akwai dakali a ƙofa da ɗan kwari a hanya. Da Aina'u ta dawo, man miya ya sauko daga wuyan rigar har cibiya, ya kuma yi reshe a kan zanin. Ta tsaya a bakin rumfa.

Gwaggo ta jawo ta, ta murza wurin da yatsa, ta shinshina.

"Manja ne a ciki?"

"Da ɗan man gyaɗa, Yaya."

"Manja ba ya fita a saƙi." Ta saki rigar, ta goge yatsanta a tabarma. "Wa zai nuna wa jikoki wannan? Ni ba zan ɗauki tsumma zuwa Bacirawa ba. Ku bar mata abinta ta ƙarasa shi."

Yahya ya ce shi dama ya faɗa. Ba wanda ya tambaye shi me ya faɗa.

Hure ta yi wa yarinyar faɗa yadda ya kamata, ta ce ba ta da nutsuwa, ta ce ba ta san darajar kaya ba. Sannan ta gyara mata ɗaurin zanin, ta ce ta je, su Kaltum na jiranta a waje za su yawon Sallah.